Ta Uku Ce Ke Rawar Ɗari

Tun da farar safiya Doña Filomena ta kira:
"Silin ɗina na yi wa kiɗa gunaguni.
Tun girgizar ƙasar nan ta daren Talata,
da zarar babban goge ya sauke murya
sai ka ji kamar an kulle zanzaro a gwangwani."

Na saɓa tsani, na rataya jaka,
na hau matakala ɗari da sittin da uku.
Valparaíso ba ta san miƙaƙƙiyar hanya ba:
gida bisa gida, kwano bisa kwano,
teku can ƙasa tana ƙirga jiragenta.

Lasifika huɗu ne, farare, sun saje da fenti,
in ba a nuna maka ba ka ce matattun fitilu.
Na bi su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya
kamar uwa na laluben zazzaɓi a goshi.
Ta uku ce ke rawar ɗari.

Na ɓamɓare ragar da bakin siririn ƙarfe.
Gishirin teku ya lashi gefenta,
tsatsa ta ranbaɗa mata kwalli.
Sukuru huɗu ke riƙe da ita,
uku na nan daram,
ɗaya yana juyi a banza cikin ruɓaɓɓen filasta.
Abin da bai kai gaɓar yatsa ba
shi ya hana tsohuwa sakat kwana shida.

Na sauko da ita a hankali.
Maganaɗisun ya fizge sukundireba daga aljihuna,
halinsa ke nan, ba ya sallama.
Na cusa kai a ramin, tocila tsakanin haƙora:
ƙura, yanar gizo, kashin ɓera,
waya kwance a hanyarta, an ɗaure ta tsaf.

Sai ga rubutun fensir a jikin katako.
Ja da ja, baƙi da baƙi.
Kibiya. Kwanan wata.
Da harafin E mai karyayyiyar ƙafa.

Evaristo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Ni ce yarinyar da ke riƙe masa tsani ran nan,
garin filasta na zubo mini a gashi,
yana cewa, "Ƙwanƙwasa kafin ki yanka, Maite.
Bango zai gaya miki inda yake da ciki
da inda yake da ƙashi.
Zarto ba ya tuba."
Kunnensa na hagu injin huda ya cinye,
da na dama yake jin karkatar sauti
tun daga bakin ƙofa.
Bara, cikin ruwan Yuli, muka kai shi makwanci.
Ko allo bai da shi a gari mai sunansa.

Na daɗe a saman tsanin
har ta tambaya daga ƙasa ko abin ya yi muni.
Na ce ƙura ce ta faɗa mini ido.

Na sa sabon katako a bayan filastan,
na ɗaure sukurun, ba da ƙarfi ba,
daidai inda ya fara musu da hannu.
Na taɓa waya da ɗan batir,
takardar ta turo ƙirji waje.
Na goge raga, na mayar.

Ta kunna.
Gogen ya gangara har ƙasan muryarsa,
ba zanzaro, ba gwangwani.
Ba ta ko ɗaga kai ta dubi silin ba,
ta dai rufe ido, shayinta na hucewa.
Ya taɓa ce mini ladan aikin ke nan:
a ji ɗaki na waƙa, a manta an taɓa huda shi.

Abin da ban gaya mata ba:
kafin in rufe ramin
na zaro fensir daga bayan kunne,
ƙarƙashin E ɗin nan na sa kwanan yau
da M, ita ma a ɗan karkace.

Matakala ɗari da sittin da uku.
Saukar ta fi cin gwiwa.