Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

Ƙarfe huɗu a Tartu, rana ta riga ta naɗe tabarma.
Ƙanƙara ta ɗinke bakin kogi.
Ni ina hawa na uku, shayina ya huce,
ga takardu arba'in da ɗaya a allon kwamfuta,
kowace tana yi wa ɗan aike kwatancen kayan aiki,
ɗan aiken na'ura, mai saurin walƙiya,
marar ƙafa, marar gajiya,
marar maƙwabcin da zai leƙa ya tambaya.

Aikina in ba su maki.
Sai in tuɓe abin da na sani a bakin ƙofa
kamar takalmin da ya kwaso laka,
in shiga kowace jimla a baƙo,
baƙo kuwa, ko da idonsa, makaho ne.

Ta sha bakwai ta Raivo ce. Na san hannunsa,
mutum mai rowar kalma kamar saya yake yi:
"Yana kama gurbi a jirgin ruwan Kihnu.
Sa kwanan wata. Sa nauyi."
Ƙarshen zance.
Rana ce a gaba, Raivo, ko wata?
Nauyin motar kaɗai, ko har da abin da ke kuka a bayanta?

Bara ɗan aiken ya cika gurbin da zato.
Huɗu ga Maris ya koma uku ga Afrilu.
Leida ta iso tasha da tumaki tara,
iska na yankar kunne,
sunanta yana can wata guda a gabanta.
Jirgi ya tashi. Ta tsaya tana ƙirga
fitilunsa, tana ƙirga tumakinta.

Raivo ya ce na'urar ce dolo.
Na ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.
An ce matambayi ba ya ɓata,
to wanda aka aika ba baki fa?

Ba na yanke hukunci da ido.
Sau ashirin nake tura shi da takarda ɗaya,
in zauna in ga inda zai yi tuntuɓe.
Da ta Raivo, sau shida ya faɗi
a kan dutse guda.
Uku bisa goma.

Ta ashirin da tara, Merike.
Doguwa, ba ado, har da kuskuren harafi,
amma ji:
"Kada ka kira wannan sau biyu, sau biyu zai cire kuɗi.
In amsa ta dawo wayam, ba wai jirgi ya cika ba,
wataƙila guguwa ce ta hana shi fita.
Sokewa ba ta warwaruwa.
In kana shakka, tsaya, nemi mutum."

Na tuna mahaifina.
Kafin ya tafi asibiti, tafiyar da bai dawo ba,
ya manna 'yar takarda a jikin tukunyar ɗumama gida:
"Jan makunnin nan maƙaryaci ne, hagu yake buɗewa.
In ta yi tari sau uku, bar ta, za ta kama."
Ya san ranar da za mu karanta
ba ya kusa balle mu ce, me kake nufi?
Hunturu goma sha ɗaya ke nan ba mu kwana cikin sanyi ba.

Tara na ba Merike.
Ɗayan na riƙe, don ba ta faɗi agogon wace ƙasa ba.

Bakwai saura. Mai shara ta fara jan bokiti.
Na buɗe ta ƙarshe.
Gajeriya ce, mai ji da kanta,
ta ce "kamar yadda aka saba", ba ta ce wa ya saba ba.
Na tura ɗan aiken. Ya ɓata. Na sake. Ya ɓata.
Na gangara ƙasa in ga wane malalaci ne.

Sunana ne. Shekara biyu da suka wuce.

Na ɗan jima ina kallon taga.
Sannan na rubuta huɗu,
na goge,
na rubuta uku.