Kujeru Goma Sha Tara

A Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa
da ta daina numfashi tun kafin a haife su,
nan ajina yake: ɗaki ɗaya, taga biyu,
yara talatin da ɗaya,
kujeru goma sha tara.

Na iske doka manne a bango:
wanda aka biya wa kuɗin kujera
shi ke hawa kujera.
Sauran, ai ƙasa ba ta ƙin kowa.
Mako biyu ina bin dokar, ba zan ɓoye ba,
albashina a aljihun mai dokar yake kwana.

Ran Laraba Zigwai, 'yar shekara huɗu,
ta ja mini gefen zani:
"Anti, mu na ƙasa ba a ganinmu ne?
Na ɗaga hannu har ya mutu."
Allin da ke hannuna ya karye biyu.

Washegari na riga mai gadi zuwa.
Na kwashe kujerun, na jibge a baranda,
na shimfiɗa tabarmi huɗu
da maman Morenike ta ara mini,
ɗaya har da tabon manja.

Baban Mudassir ya zo da azahar,
ya kashe kekensa a bakin ƙofa.
"Malama, kwana shida na yi a titi
kafin kuɗin kujerar nan su haɗu."
Gaskiyarsa ce, guminsa ne.
Na rasa abin faɗa, na ce ya leƙa.
Ɗansa na kwance rub da ciki,
kai da kai da Chidubem,
suna gardama kan ƙafafun gizo-gizo.
Ya daɗe a tsaye. Bai ce ya yarda ba.
Ya tada keke ya tafi.

Tabarma ma ba ta gama magana ba.
Na matso da Shekwolo gaban allo
don idanunsa hazo suke gani,
sai aji ya ɗauka: "Anti, son kai!"
Na cire takalmina, na ce kowa ya sa.
Suka yi ta tuntuɓe suna dariya.
Na ce, to, in na raba muku irinsa daidai wa daida,
na yi adalci?
Rabinsu sun gane. Rabin suna son takalmin.

Akwai Jabbo, wanda suka zo daga ruga bara,
wata uku bai ce uffan ba,
har rajista ta kusa kiransa bebe.
Ranar da bokiti ya kife a tsakar aji
ya yi tsalle ya ce, "Ndiyam!"
Morenike ta ce a'a, omi ne.
Chidubem ya ce mmiri.
Mudassir ya rantse ruwa ne, kowa ya sani.
Barira, wadda kunnenta bai taɓa jin ko ɗaya ba,
ta dunƙule hannu ta kai baki,
mu duka muka kwaikwaye ta.
Suna biyar, tabarma ɗaya ta jiƙe.
Ni ce ɗalibar ranar nan.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ni tsoron da nake ji ke nan:
wa ke tanƙwarawa, kuma ina za a karkata?
Yaron da ya koyi ƙasa ce wurinsa
kafin ya koyi rubuta sunansa,
wane allo zai goge masa wannan?

Takardar gargaɗin hedimasta na cikin jakata,
ninki huɗu, kusa da kuɗin mota.
Kujerun na baranda har yau, kaji na kwana a kai.
Da yamma in bas ta hau gada
nakan dubi kogin da manya suka mai da iyaka,
wannan gaɓa tasu, waccan tamu.
Ina motsa baki a hankali:
ndiyam, omi, mmiri.
Kwandasta ya ce, "Hajiya, magana kike?"
Na ce, bita nake, gobe akwai makaranta.