Aku da Gafiya

A shagon Mamuda mai gyaran rediyo, nan bakin Sabon Gari,
akwai wani aku ruwan toka,
jelarsa ja kamar an tsoma ta a garin barkono.
Ya iya sallama. Ya iya tarin maigidansa.
Ya iya ƙarar waya, har sai ka laluba aljihu.
Abu ɗaya ya ɓace masa:
kukan da uwarsa ke yi a kurmin da aka kamo shi.

Mamuda ya ce su tara aka cuso a kwali daga kudu,
a ƙarƙashin buhunan goro.
Shi kaɗai ya iso da numfashi.
Yanzu kuɗinsa ya kai na babur,
kullum ana tayawa, ana shafa kejin.

Ni kuwa a gindin badala na tashi, wajen Ƙofar Na'isa,
inda gafiya ke da gari a cikin gari.
Da almuru takan fito, kumatu cike da gyaɗar Inna Tasalla,
mu bi ta da hoge, da karen Sallau,
muna ihu: tsira da na bakinki!
Ta tsira kuwa, sau da yawa.
Abin da ya ci ta ba mu ba ne.
Tifa ce ta zo ta kwashe jar ƙasar,
aka cike kududdufi, aka zuba kankare,
aka kafa shagunan taya a kan ƙofar raminta.
Shekara nawa rabona da ganin sawunta?
Ban ƙirga ba. Wa ke ƙirga gafiya?

Shi so ne ya cinye danginsa,
ita ko ƙiyayya ba ta samu cikakkiya ba,
mantuwa ce kawai ta bi ta kanta.
Shi in ya mutu, Mamuda zai rufe shago yini guda,
maƙwabta su zo jaje.
Ita ba a san ranar ba.

Jiya na kai rediyona gyara.
Na sunkuya na ce da akun, a hankali:
kana da labarin gafiya?
Ya karkata kai, ya dube ni da ido ɗaya,
ƙwayar fara sol kamar hatsin dawa,
ya ɗaga ƙafa ya sosa wuya,
sannan ya ce, da muryar Mamuda:

Ka dawo gobe, ba a gama ba.