Kwaɗon da Bai San Mai Gida Ba

A Porto, hawa na uku, saman shagon mai gyaran takalma,
Belmiro ya bar tuƙin jirgin ƙasa shekara tara ke nan,
ya koma farautar sauti:
kukan tsuntsayen teku, ƙararrawar coci,
da Graciete tana suyar kifi, tana rera duk abin da ya zo bakinta.

Ta rasu a watan Maris.
Muryarta na cikin ɗan faifan da bai cika tafin hannu ba.

Jikarsa Iolanda daga Lyon ta ce, Kaka, turo min.
Ya jona waya, ya danna.
Na'ura ta ce: an kare wannan, ba a kwafa.
Ya goge tabarau, ya sake dannawa.

An kare shi daga wa?
Kicin ɗin nasa ne. Man da ke tafasa, shi ya saya.
Tarin nan na minti na huɗu, tarinsa ne.

Yaron shago ya ɗaga kafaɗa:
don ɓarayin waƙa aka yi, Baba.
Akwai ɓarauniyar hanya, amma doka ta hana.

An ɗana wa ɓera tarko,
ya kama yatsan mai hatsi.

Da dare ya kira Iolanda,
ya kara wayar a bakin lasifika, hannu na rawa.
Muryar ta tsallaka duwatsu a shaƙe,
mai na tartsatsi a bayanta.

Ta ce, sake sa min.
Ya dubi faifan, gefensa ya fara tsagewa.
Ya sake sawa.