Haƙora Arba'in Ba Ɗaya

A titin Wilson, birnin Lima,
Nélida ta kwance ƙyalle:
tsohon faifai, muryar marigayi mijinta na ciki.

Yaron shago ya miƙo wayar SATA,
siririya, ja.
Baki bai zo ɗaya ba.
Ya ɗaga NVMe, ɗan falle kamar cingam:
"Wannan, kafin ƙiftawar ido ya gama."

Eusebio bai tanka ba.
Ya tono ɗamarar IDE a ƙasan akwati,
ya ƙirga haƙoran faifan,
arba'in ba ɗaya,
da wushiryarsa aka ƙera shi.

Faifan ya yi tari, ya juya.
Awa biyu ana kwafa.
Nélida ta ce a bar shi,
mai muryar ma bai taɓa sauri ba.