Shaidar da Na Haɗiye

A Katako, layin masu langa-langa,
ran Laraba, rana ta kusa tsaka,
na ga hannu ya shiga akwatin Alhaji Maidabo.
Na san hannun, na san zoben azurfar.
Ɗan Alhajin ne, wanda na ci naman sunansa.

Aka ƙirga, jikka arba'in ta yi ƙafa.
Ido duk ya koma kan Arzika,
mai turin kura, baƙon Illela,
wanda bai da kowa a Yamai
sai buhun da yake shimfiɗa haƙarƙari a kai.

Ya rantse da Allah, aka yi dariya.
Ya rantse da nonon uwa tasa, aka ɗauke shi da mari.
Sannan ya dube ni.
Ni da nake ba shi sauran shayi da yamma.

Gaskiya ta taso mini har maƙogwaro,
sai na shiga lissafi:
wa zai ƙara gaishe ni a layin nan?
Wa zai ba ni kaya bashi ranar da kamiyo ya sauke?
Za su ce Nomau ya tona asirin manya,
ya ci gishirin gida ya zubar da tukunya.
Na sunkuya ina gyara ma'aunina
wanda babu abin da ya same shi.

Aka kira azahar.
Na yi alwala a tsanake, sau uku-uku,
na kurkure bakin da ya ƙi faɗa,
na wanke idon da ya gani,
na samu sahun farko, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji.
Liman ya ɗaga hannu, na ce Allah ne mafi girma,
wani abu a ƙirjina ya ce:
ɗazu wa ka girmama?

Kwana uku ya yi a kwamisariya.
Da ya fito bai nemi kurarsa ba,
ya hau motar Tawa da riga ɗaya.
An ce yana noman albasa a gonar wani.
An ce ba ya magana sosai.

Su kuwa mutanen da na ji wa tsoro,
ranar Asabar sun manta da zancen,
suna gardamar kokawa a gindin shago.
Na sayar musu da lahirata,
ba su ma san an yi ciniki ba.

Ya Ubangiji, Kai ka hana ɓoye shaida,
na kuwa karanta tun ina riƙe da allo.
Sai dai wutarka na ji labarinta ne,
bakin mutane kuwa ga shi a gabana, yana huci.

Shekara huɗu ke nan.
Gobe akwai motar asuba a tashar Wadata.
Na sayi tikiti sau biyu a baya,
duka biyun suna cikin aljihun tsohuwar rigata.
Wannan na uku
na ɗora shi a kan dardumar salla,
inda goshina zai sauka.