Kwana Tara, Shida Na Hanya

Kwana tara asibiti ta ba ni hutu,
na ce bana sai na ga Kawu Nomau,
wanda ya bar Gaya ina goye,
ya bar mana hoto ɗaya da sunan unguwa a Kumasi.

Inna ta cika mini jaka kamar mai ƙaura:
kilishi, daddawa, garin kuka,
da man shanu a gwangwanin madara,
ta ɗaure bakinsa da leda da addu'a.
Addu'ar ta riƙe.
Ledar ce ta ci amana tun kafin mu haye gada.

Direba ya ce ƙarfe shida na safe,
shidansa ta iso bayan azahar.
Mu goma sha tara a motar mutum sha huɗu,
raguna biyu a sama suna ta kai ƙara,
gwiwar wata tsohuwa a haƙarƙarina
har muka saba, har na tambaye ta jikoki.

A Jugu taya ta fashe.
A Kara ruwa ya tsare mu rumfar mai shayi.
Kan iyaka kuwa, kowane tebur da bakinsa,
kowane hatimi da yunwarsa.
Abin da ya rage na sefa na canza sidi,
na ƙirga sau uku, ban gane wa ya ci wani ba.

Wayata ta mutu a Yandi.
Idi ya riske mu a tashar Tamale,
na yi salla da mayafi mai ƙamshin miya,
ragunan sama suka yi tsit,
sun san latti ya yi musu rana.

Daga nan ƙasa ta sake zane.
Itatuwa suka miƙe sun wuce hasumiya,
kore a dama, kore a hagu,
ni da na saba hango gari tun daga nesa
sai ga gari ya faɗo mini a ka.

Kejetiya!
Ban ga farkonta ba, balle ƙarshe.
Rufin kwano ja da tsatsa ya hau tudu ya gangara,
yaran mota rataye a ƙofa suna yanka sunayen unguwanni,
'yan mata da daro a ka suna ihu, "Ago! Ago!"
na tsaya in gaishe su, daro ya kusa kwashe ni.
Can wasu sanye da ja da baƙi suna taka rawa,
na ce biki ne, aka ce makoki.
Lasifikar coci na nan, kiran la'asar na can,
turmin sakwara a tsakiya yana raba musu faɗa.

Na tsaya jikin wani shago, jaka a ƙirji,
ni Tsahara, da ke yi wa ƙarti allura ba gezau,
ƙafafuna suna rawa.

Sai wata mai koko ta ɗago ludayi:
"Kai, baƙo, ina za ka?"
Na waiga in ga namijin da take nufi.
Ba kowa. Ni ce kai ɗin.
Hausa ce, ta yi doguwar tafiya kamar ni,
ta zubar da wasu kaya a hanya,
amma da na ji ta, sai na zauna a benci.
"Nomau mai gyaran rediyo? Na Abuwabo?
Sha kokonka tukuna."

Mutumin da ya buɗe ƙofa bai yi kama da hoton ba.
Furfura, tabarau, haƙori biyu sun yi ƙaura.
Na fara ba shi haƙuri kan tsarabar da ta zube,
bai saurare ni ba.
Ya kama gefen mayafina ya kai hanci,
ya daɗe bai ɗago ba.
"Wannan kaɗin yayata ne," ya ce.

Uku sun tafi, uku na jiran komawa.
Ukun tsakiya, ya hana a wanke mayafin.